Na kai surukata gidan abincin 'yan Malesiya a Landan, ashe ba duka ne na Musulmi ba

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya same ni daren Asabar wanda har yanzu yake ci mini rai, na ga gara in kawo shi nan, musamman ga waɗanda suka taɓa zaman Malesiya.

Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, ta zo mana daga Katsina saboda haihuwar da aka yi mana. Kwana arba'in ɗin nan ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, daga kicin sai ɗakin mai jego. Da aka yi arba'in na ce yau dai ba za a ɗora tukunya a gidan nan ba, zan fita da su. Akwai wani ɗan gidan abincin 'yan Malesiya da nake wucewa a hanyar aiki, teburansa ba su fi goma ba, kullum da layi a ƙofa. A raina na ce ai Malesiya ƙasar Musulmi ce, ba sai na tambayi komai ba.

Na sa aka kawo wa Hajiya soyayyar shinkafa da kaza, ni kuma na zaɓi wata taliya mai faɗi da na ga hotonta, wai ita char kway teow. Na kai loma biyu ke nan sai na lura da wasu jajayen yanka-yankan nama masu zaƙi-zaƙi a ciki. Na kira yarinyar da ke kawo abinci na tambaye ta. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce naman alade ne, kuma da kitsensa ake soya taliyar. Na ce to kazar fa? Ta ce kazar daga mahautan halal suke sayowa, amma kasko ɗaya ne, ludayi ɗaya.

Hajiya ba ta jin Turanci, dole ni da bakina na faɗa mata. Ta ajiye cokali ta ce innalillahi, ta goge bakinta da gefen mayafi, ba ta ƙara cewa uffan ba har muka iso gida. Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Baƙuwar da ta bar gidanta ta zo yi mana hidima, fita ɗaya da na yi da ita ga inda na kai ta.

Tambayata uku ce. Mene ne hukuncin abin da muka ci? Laifina ne ko nasu? Sannan a ƙasar nan akwai gidan abincin Malesiya da mutum zai shiga hankalinsa kwance kuwa?

Malam Ayuba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya abin da aka samu bisa sunna. Bari in fara da ta farko don hankalinka ya kwanta: babu zunubi a kanka, babu a kan Hajiya. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ɗauke laifi daga abin da aka yi bisa kuskure, abin kamawa shi ne wanda zuciya ta yi da gangan. Kun tsaya a daidai lokacin da kuka sani, abin da ake nema ke nan. Ku kurkure baki, ku wanke hannu, in miya ta taɓa tufa a wanke wurin. Babu kaffara, babu rama salla. Ka isar wa Hajiya da wannan, ka ce mata ina gaishe ta.

Sani na Leeds:
Ni dai kai tsaye zan faɗa, sun cuce ka. Sun ga dattijuwa da hijabi har ƙasa, sun ga matarka da lulluɓi, sannan su kawo muku alade su yi shiru? Kalma ɗaya ta isa. Wannan rashin mutunta mutane ne, kuma da ni ne sisina ba zai fita ba.

Anti Bilki:
Sani ƙanena, na fahimci zafinka, amma a dokar ƙasar nan abin da aka wajabta wa mai sayar da abinci ya sanar shi ne abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya: gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, jatan lande, riɗi da sauransu. Alade ba ya cikinsu. Muddin ba su rubuta halal a ƙofa ba, kuma da aka tambaye su suka faɗi gaskiya, babu inda za ka kai ƙararsu. Da ta yi kara ta ja kunnensu tun farko, da ta kyauta. Amma ni na sha ganin masu ɗankwali suna cin abin da ka san bai halatta ba, wataƙila yarinyar ta taɓa yi wa wasu magana suka gwasale ta.

Ɗan Sintok:
Baban Ilham, sannu da wannan abu. Shekara huɗu na yi a jihar Kedah ina karatu, can kusa da iyakar Tailan, bari in faɗi inda kuskuren ya samo asali, don ba kai kaɗai kake yin sa ba.

Malesiya ƙasar Musulmi ce, gaskiya ne, amma ba kamar yadda muke ɗauka ba. A ƙidayar 2020 Musulmi kashi 63.5 ne cikin ɗari. Cikin 'yan ƙasa kusan kashi 23 'yan asalin Sin ne, kusan kashi 7 'yan asalin Indiya. Kowanne da kicin ɗinsa. Malayawa su ne Musulmin asali, har tsarin mulkinsu a sashe na 160 ya sa Musulunci cikin sharuɗan zama Bamalaye. Abincinsu ba ka da fargaba. Sai mamak, wato Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, sunan ma daga kalmar kawu ya fito a harshen Tamil. Su ne masu shagunan da ba sa rufewa dare da rana, inda muke zuwa kallon ƙwallo ƙarfe uku na dare. Sai kuma kopitiam, wato shagunan kofi da abinci na 'yan Sin, su kam alade ne ginshiƙin girkinsu.

A can gida ba mai ruɗewa. Yaro ɗan firamare ya san shagon da zai shiga da wanda zai wuce, ga kuma tambarin halal na hukumar JAKIM manne a bango. Amma da zarar an fito waje, duk ukun sai su rataya tuta ɗaya su rubuta abincin Malesiya. Kai da ke wucewa a titi ba ka da yadda za ka bambance.

Ka riƙe waɗannan sunayen. In ka ga bak kut teh, farfesun haƙarƙarin alade ne. In ka ga char siu ko lap cheong, alade ne, lap cheong ɗin nan shi ne jan naman da ka gani. Char kway teow ma asalinta da kitsen alade ake yin ta, duk da Malayawa suna da tasu ta halal mai daɗin gaske. Kalmar alade a harshensu babi ce. Da ka shiga, kafin ka zauna, ka karɓi takardar abincin ka bi ta da ido. Minti ɗaya ya ishe ka.

Baban Ilham:
Allah Ya saka da alheri Malam, na karanta wa Hajiya saƙonka, ta ce tana amsawa. Ɗan Sintok, yanzu na buɗe hoton takardar tasu a waya, ga bak kut teh nan a layi na uku. Da na san ma'anarsa da ko zama ba mu yi ba.

Sani na Leeds:
To ai ka ji. Mutum sai ya koyi yaren Sin kafin ya ci abinci? Ni shawarata a daina kai iyali wuraren da ba a sani ba. Ga na Turkawa, ga na 'yan Pakistan, ga na Larabawa, duk da takardar HMC, ƙungiyar da ke tantance halal, a gilashi. Me ake nema a wurin Malesiya?

Maman Sadiq:
Haba Yaya Sani, don an yi tuntuɓe sau ɗaya sai a daina tafiya? Nan Birmingham akwai wata baiwar Allah Bamalaya da nake zuwa wurinta, ita ce a kicin, mijinta a kan kanta, 'yarsu ke kai abinci. Ranar da na fara zuwa lokacin la'asar ya yi, ita da kanta ta nuna mini wani lungu bayan kicin da darduma a shimfiɗe. Irin wannan wurin za ka ce kada a je saboda babu takarda a gilashi? Ƙananan wurare da yawa ba sa iya biyan kuɗin rajistar nan, amma in ka tambaya za su faɗa maka mahaucin da suke sayen nama a wurinsa.

Sani na Leeds:
Ban ce matar ba Musulma ba ce. Amma kin san ko kazar da take saye an sumar da ita da lantarki kafin yanka? HMC ba ta yarda da sumarwa ba, HFA, wata ƙungiyar tantance halal ɗin, ta yarda da sharaɗi. Ni na farkon nake bi.

Malam Ayuba:
Malam Sani, wannan saɓani ne tsakanin malamai, kuma wanda ya zaɓi tsantseni ya kyauta wa kansa. Sai dai kada mu mayar da shi ma'aunin da za mu haramta abincin Musulmi ɗan'uwanmu. In Musulmi ya ce maka namansa yankakke ne, asali shi ne ka gaskata shi. Matsalar Baban Ilham daban ce, shi kasko ne da ake soya alade a cikinsa a juya a soya kaza ba tare da wankewa ba. Hadisin Abu Sa'alaba da ke Bukhari da Muslim ya yi magana a kan ƙoren Ahlul Kitabi: in kun sami wasu kada ku ci a cikinsu, in ba ku samu ba ku wanke ku ci. A Landan kuwa ba za a ce ba a sami wasu ba.

Ɗan Sintok:
Malam, ƙari a kan wannan, su Malayawa ma sun fi mu tsanani a nan. Shafi'iyya ne, in alade ya taɓa ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, suna ce masa sertu. Na taɓa kama haya a gidan da wani ɗan Sin ya tashi, maƙwabcina bai bar ni na dafa ko ruwan zafi ba sai da ya zo da ruwan laka muka bi kicin ɗin kaf. Shi ya sa in ka tabbatar mai gidan abinci Bamalaye ne, to da wuya ƙwarai ka ga ya haɗa kasko.

Wani abin lura kuma, za ka ga wasu sun rubuta babu alade babu kitsensa. Ko a can Malesiya wannan rubutu ba ya zama shaidar halal, don ana iya zuba giyar girki a miya, kuma ba ka san yankan kazar ba.

Zainab:
Don Allah Malam ni ma ina da tambaya. Ƙawata 'yar Malesiya a makaranta ta ba ni wani yaji nasu, sambal, na ji daɗinsa sosai. Daga baya ta nuna mini abin da ake sa masa, wani dunƙule mai ruwan ƙasa da wari mai ƙarfi, belacan. Ta ce ƙananan jatan lande ne ake zuba wa gishiri a bar su su ruɓa a shanya a rana. Wata 'yar Pakistan da muke ɗaki ɗaya ta ce ita ba ta ci. Ya halatta?

Malam Ayuba:
Ya halatta 'yata. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da aka kamo a teku da abincinsa, kuma a mazhabar Malik duk dabbar ruwa halal ce, haka ma wurin Shafi'i. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa wasunsu ke ƙaurace wa jatan lande. Kada ki matsa mata, ke ma kada ki takura kanki.

Maman Sadiq:
Zainab, warin nan kada ya dame ki, ɗan'uwan daddawa ne. Wa zai shinshina ɗanyar daddawa ya ce zai ci? Amma cire ta daga miyar kuka ki ji yadda za ta yi salam. Su ma haka, sai sun gasa belacan ɗin a wuta tukuna su daka da barkono da albasa. Ranar da na gwada a gida sai da na buɗe tagogi duka, maigida ya shigo yana tambayar me ya ƙone, amma da aka zuba a kan shinkafa shi ya nemi ƙari.

Abu ɗaya dai da har yau ban saba da shi ba shi ne sukari a nama. Satay ɗinsu kamar tsire yake, a tsinke, a kan gawayi, har da miyar gyaɗa a gefe. Kana gani ka ce ga na gida, kana kaiwa baki ka ji zaƙi. Ni nama da sukari ba sa haɗuwa a bakina.

Ɗan Sintok:
Maman Sadiq, ni ma haka na ce a shekarar farko. Kuskuren shi ne ki ci shi da tunanin tsire. Tsire ƙuli-ƙuli da yaji ake barbaɗa masa ya bushe a jiki, satay kuwa jiƙa shi ake yi da kurkum da wata ciyawa mai ƙamshin lemo, miyar gyaɗar daban take. Da za ki je Kajang, garin da ya yi suna da shi kusa da Kuala Lumpur, ki ci yana sauka daga wuta da ɗanyar albasa da kokwamba, ina jin za ki sauya magana.

Alhaji Garba:
Ni duk wannan yabon da kuke yi ba ya burge ni. Mutanen da suka zo Najeriya suka ɗebi irin kwakwar manja suka tafi, yau sun fi mu arziki da ita, mu kuma muna biyan fam goma sha don mu ci shinkafarsu.

Abu Fauzan:
Ranka ya daɗe Alhaji, wannan magana ta yaɗu ƙwarai amma akwai gyara a cikinta. A Serdang ta Malesiya na karanta aikin gona, a kan wannan itaciyar ma na yi bincikena. Asalinta na Afirka ta Yamma ne, babu musu. Sai dai ta isa yankinsu tun 1848, lokacin da Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java. Gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an kafa ta a 1917 a Tennamaram, jihar Selangor, tun Najeriya ba ta fi shekara uku da haɗewa ba. Abin da ya faru da gaske shi ne a 1973 masu bincikensu sun zo sun tattara iri tare da NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya da ke kusa da birnin Benin, bisa yarjejeniya, don inganta wanda suke da shi. Har ƙwaron da ke yi musu barbarar furen daga Kamaru suka kai shi a 1981. Ba sata suka yi ba Alhaji, sun riƙe bincike ne mu muka sake shi bayan an samu fetur. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Alhaji Garba:
To na ji, na kuma ƙaru. Amma ciwon dai yana nan.

Anti Bilki:
Jama'a mun bar bawan Allah da tambayarsa ta uku. Baban Ilham, shawarata ka sake fita da Hajiya kafin ta koma. Kada abin da za ta tafi da shi Katsina ya zama na daren nan. Ka fara zuwa kai kaɗai, ka ga mai wurin ido da ido, ka tambayi nama, ka tambayi ko akwai alade ko giya a kicin ɗin gaba ɗaya, ba a kwanon da za a kawo maka kawai ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ɗan Sintok:
Haka ne Anti. Ka nemi inda takardarsu ta cika da nasi lemak, rendang, roti canai, mee goreng mamak, nasi kandar. In ka ga dattijuwa a wurin ka ce mata makcik, kamar ka ce gwaggo, namiji kuma pakcik. Wa Hajiya ka fara da roti canai da teh tarik, wato gurasarsu ta kasko da shayin madara, babu nama a ciki balle zuciyarta ta yi ɗar-ɗar. Waɗannan biyun da nasi lemak su ne karin kumallon da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a Disambar 2024. Ka ce musu kurang manis, wato a rage zaƙi, in ba haka ba madarar gwangwanin da za su zuba za ta yi mata yawa.

Sani na Leeds:
Ni dai ina nan a kan bakana game da na farkon, ya kamata yarinyar ta yi magana. Amma in ka sami na Musulmi ka tabbatar, Allah Ya sa a ci lafiya.

Baban Ilham:
Salam jama'a, na dawo da bayani. Ranar Laraba bayan aiki na je wani wuri da wani abokin aikina ɗan Malesiya ya kwatanta mini, a ƙarƙashin bene yake, sai ka sauka matakala. Na yi sallama, wata dattijuwa da ɗankwali ta amsa daga kicin. Na ce makcik ina da tambaya, sai ta yi murmushi ta fito tana goge hannu. Na ba ta labarin abin da ya faru. Ta kama baki, ta kira ɗanta ya ɗauko mini rasit ɗin mahaucinsu, ta ce in shigo kicin in duba da idona. Na ce ba sai na shiga ba, ta ce sai na shiga.

Jiya muka koma da Hajiya. Da ƙyar ta yarda, sai da maiɗakina ta sa baki. Muna zama ta ƙi taɓa komai, tana ta bin wurin da kallo. Can sai mai yin roti ya fara aikinsa a gabanmu, yana wulwula ƙullin fulawa a iska yana maka shi a kan tebur har ya yi shara-shara kana hango hannunsa ta ciki, ya ninke ya ɗora a kasko. Bayansa ɗan makcik ya ɗauko kofuna biyu yana sheƙa shayi daga sama, hannu ɗaya can sama ɗaya ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Hajiya ta ce, wannan ai mai shayin bakin tasha ne. Maganarta ta farko ke nan.

Ta ci roti biyu da miyar dal. Aka kawo nasi lemak a kan ganyen ayaba, shinkafar na ƙamshin madarar kwakwa, ga soyayyar gyaɗa, ga ƙananan busassun kifi, ga rabin ƙwai da kokwamba, ga sambal ja wur a gefe. Ta ɗan lakata ta ɗanɗana, ta ce akwai daddawa a ciki. Na ce ta kifi ce Hajiya. Ta ce ko ma ta mece ce, wadda ta daka ta iya daka.

Makcik ta fito ta zauna kusa da ita, ta karɓi jaririyar ta yi mata addu'a. Babu mai jin yaren wani, amma sun fi minti ashirin tare, Hajiya na nuna mata hotunan jikokinta a waya, ita ma tana nuna nata. Da za mu tafi ta ɗuro sambal a wata 'yar kwalba ta ba Hajiya, ta ƙi karɓar kuɗinsa. Hajiya ta ce in tambaye ta ko zai kai Katsina bai lalace ba, ta ce a sa a firiza ya daskare, a naɗe da leda biyu a cusa tsakiyar kaya. Jirginta ranar Lahadi ne, ta ce in tabbatar na kai wa matar yajin ƙuli-ƙulin da ta zo da shi kafin nan.